Tambaya da Amsa: Wane Makami Ne Sarkin Masu Ƙarfi a Elden Ring?

Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: manyan makaman masu ƙarfi a Elden Ring, gem ɗin da kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ya kuma lashe kambun gwarzon gem na wannan shekarar. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Masu tambaya a kan sihiri da baka ku yi haƙuri, sai wani watan.

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Mu huɗu ne a ɗaki, musu ya hana mu barci. Ɗaya ya ce babu kamar Giant-Crusher, ɗaya ya rantse da takubban Radahn, ni kuma ina bayan Ruins Greatsword. Na huɗun ba ya buga gem, dariya kawai yake mana. Don Allah ka jera mana su daga na ɗaya zuwa na biyar. Duk abin da ka yanke mun amince. — Ɗalibi, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda kun ce kun amince, to ku gyara zama, domin babu ko ɗaya cikin ukun nan da zan ba na ɗaya.

Sai mun fara yarda a kan abin da muke aunawa. Yawancin musun da nake ji a kan lambar ɓarna ake yin sa, wato lambar da ke fitowa a shafin kaya idan ka riƙe makami. Lambar tana da amfani, amma ba ita ke cin faɗa ba. Kowane abokin gaba a gem ɗin nan yana da wani ma'auni a ɓoye da ba a nuna maka. Duk sara mai nauyi yana zaftare shi, musamman saran tsalle da saran da ka danne maɓalli ka tara masa ƙarfi. Idan ma'aunin ya ƙare sai ka ji wata ƙara, dodon ya durƙusa, ka samu damar soka masa makami har gindi. In kuwa ka yi 'yan daƙiƙoƙi ba ka taɓa shi ba, ma'aunin zai cika, aikinka ya tashi a banza. Wannan durƙusarwar ita ce ribar mai ƙarfi. Saboda haka ni tambayata ga kowane makami ita ce: yana kaiwa? Bayan ya sauka, kana da lokacin kaucewa? Kuma yaushe za ka same shi, a farkon tafiya ko bayan ka gama shan wahala?

Da wannan ma'aunin, na ɗaya shi ne takobin da sunansa kawai Greatsword. Ba ado, ba walƙiya, ƙarfe ne zalla mai nauyin 23. Yana neman makin ƙarfi 31 da zafin hannu 12. Yana cikin akwati a bayan wata karusa da aka yasar a kan hanya, a arewa maso yammacin yankin Caelid, kusa da kangon Caelem. Manyan karnukan nan masu ƙaton kai suna zagaye wurin, amma ba dole ka yaƙe su ba: ka hau dokinka Torrent, ka diro, ka buɗe akwati, ka arce. Ke nan tun kafin ka ga Margit, babban bos na farko, za ka iya mallakar makamin da zai kai ka ƙarshen gem.

Abin da ya ɗora shi a sama uku ne a haɗe. Tsawonsa ya sa kana samun abokin gaba daga inda gudumomi ba sa kaiwa. In ka tsuguna ka kai hari, ko ka kai shi bayan ka mirgina, tsiko yake yi da tsini, kuma wannan sukan ya fi sauran saransa sauri nesa ba kusa ba, shi ke hana ma'aunin dodon cikowa. Na ukun kuwa shi ne babba: ana sauya masa tokar yaƙi, wato abin da ke ba makami dabararsa ta musamman. Ka sa masa tokar Lion's Claw, wadda ake samu idan an kashe zakin da ke Fort Gael a Caelid ɗin dai, ka zaɓi zubin nauyi, wanda ke sa ɓarnarsa ta dogara da ƙarfinka. Idan maƙeri Hewg ya kai maka shi +25, cin moriyar ƙarfinsa, wato yadda makin ƙarfinka ke ƙara masa ɓarna, zai kai harafin A. Lion's Claw alkafura ce da sara a ƙarshe, kuma da wuya a katse ka a tsakiyarta. Ka haɗu da dodon da ba ya son wuta? Shafa masa man wuta. Ka gaji da wannan dabarar? Sauya toka a wurin hutawa, ba ka biya ko sisi ba.

Na biyu Giant-Crusher. Abokinka yana da hujja: a ainihin gem ɗin babu makamin da ya kai shi nauyi, 26.5, kuma babu wanda ya kai shi neman ƙarfi, maki 60 cif, ba ya tambayar komai bayan wannan. Da zubin nauyi harafinsa S ne, wato ƙololuwa. Shi ma a akwatin karusa yake, a bayan ganuwar babban birnin Leyndell, kudu da wurin hutawa na Outer Wall Phantom Tree. Dukansa na murƙushewa ne, don haka mutanen lu'ulu'un nan da takobi ke tsalle a jikinsu, da masu haƙar ma'adinai a cikin ramuka, da ƙwarangwal, duk nama ne a gabansa. Saransa mai nauyi ma na musamman ne, mutum ke juyawa a sama ya sauke dutsen gaba ɗaya. Me ya hana shi na ɗaya? Gajere ne idan aka gwada da girmansa. Sau da yawa za ka ga kamar ka samu, ashe ƙasa ka doka, kafin ka ɗago kuma an yi maka biyu. Sannan sai ka isa tudun Altus kafin ka gan shi.

Naka, Ruins Greatsword, shi ne na uku, kuma ba don rauni ba. Yana neman ƙarfi 50 da basira 16, a +10 harafinsa S. Dabararsa, Wave of Destruction, tana tsaga ƙasa ta aika igiyar duwatsu gaba, ta durƙusar da abu daga nesa, abin da mai ƙarfi ke ƙishirwarsa. Amma yadda ya zo haka zai mutu: ba a sauya masa toka, ba a shafa masa mai. Makin basira 16 ɗin nan kuma, in da ajin Hero ka fara, lebul da yawa ne da ka fi buƙatarsu a wani wurin.

Na huɗu zai ba ku mamaki, domin bai ma shiga sahun ƙattai ba: Great Stars, guduma mai ƙayoyi, nauyinta 10 kacal, ƙarfi 22 da zafin hannu 12. Tana tara zubar jini a jikin abokin gaba, kuma duk bugun da ya sauka yana mayar maka da ɗan jini, kashi ɗaya cikin ɗari. Tana karɓar toka. Wanda ya riƙe biyu, ɗaya a kowane hannu, yana saran tsalle, zai ga abin mamaki. Ana samun ɗaya a akwatin karusar da ƙattai biyu ke ja a tudun Altus.

Takubban Radahn, Starscourge Greatsword, su na ba na biyar. Ƙarfi 38, zafin hannu 12, basira 15, kuma sai ka kayar da bos Radahn, ka kai wa tsohuwa Enia abin tunawarsa a Roundtable Hold, masaukin da ake komawa tsakanin faɗa. Takobi biyu ne a nauyin 20, wannan riba ce. Ihun da ke jawo maƙiya kusa sannan a dake su tare yana share ɗaki cike da ƙananan sojoji. A gaban babban bos guda ɗaya kuwa, wanda ba ya jawuwa, ihun nan dogon lokaci ne da kake tsaye ƙirji a buɗe. Abokinka ya faɗi gaskiya, kyan gani ne ya ja shi. Ban ga laifinsa ba, suna da kyau.

Ku gaida na huɗunku.

Tambaya: Malam, na ɗauko Giant-Crusher amma ƙarfina 38. Sai na kai 60 ke nan kafin na taɓa shi? Lebul 22 ba wasa ba ne. — Mai gyaran waya, daga Maraɗi

Amsa: A'a ɗan'uwa, maki biyu kawai suka rage maka. Idan ka riƙe makami da hannu biyu, gem ɗin yana lissafa ƙarfinka sau ɗaya da rabi. Mai 40 ya zama mai 60. Haka Greatsword mai neman 31 yana ɗaukuwa da 21, Ruins Greatsword mai neman 50 da 34, Grafted Blade Greatsword mai neman 40 da 27. Zafin hannu da basira ba sa samun wannan ƙarin, dole ka cika su yadda aka rubuta.

In ba ka son jiran ko da maki biyun, layar Starscourge Heirloom da ke Fort Gael tana ƙara ƙarfi 5. Akwai kuma Strength-knot Crystal Tear a Stormhill, wanda ake zubawa a kwalbar haɗi, yana ba da 10 na minti uku.

Lissafin nan yana da wani amfani da mutane ke mantawa. Ribar makin ƙarfi tana raguwa sosai bayan 80. Mai riƙo da hannu biyu, da ya kai 54 ya riga ya wuce wurin, domin 54 sau ɗaya da rabi 81 ne. Daga nan duk makin da ka samu ka zuba shi a lafiya da juriya. Wanda zai haura zuwa 80 na gaske shi ne mai son garkuwa a hagu, ko mai riƙe manyan makamai biyu a lokaci guda.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ni fa na gaji. Ina da babban takobi, ina da sulke mai kauri, amma kafin in ɗaga hannu an kashe ni. Ƙanena da ke amfani da siririn takobi ya wuce ni da nisa, har yana min gori. In haƙura da ƙarfin ne? — Ma'aikaciyar jinya, daga Kaduna

Amsa: Yawwa ƙanwata, barka kadai. Kada ki haƙura tukuna. Ba ki faɗa min lambobinki ba, amma daga "sulke mai kauri" na hango inda matsalar take. Buɗe shafin kaya ki duba nauyin da kike ɗauke da shi. Ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na abin da jikinki zai iya, mirginawa mai sauƙi ce. Daga 30 zuwa ƙasa da 70, matsakaiciya. Da kin haura 70, sai mirginawar ta koma kamar buhun masara ya faɗo daga bayan mota: ba nisa, ba saurin tashi, kuma numfashi, wato koren ma'aunin da sara da mirginawa ke ci, yana jinkirin dawowa. Takobi mai nauyin 23 da cikakken sulken ƙarfe, ga mai juriya ƙasa da 20, kusan tabbas kin haura. Cire kwalkwali, ko ki sauya wando da mara nauyi, har sai kin ga an rubuta matsakaici. Ki duba ma ko akwai makaman da kika bari a ramukan hannu ba kya amfani da su, domin su ma ana lissafa nauyinsu. Wannan kaɗai ya sha ceton mutane.

Layu suna taimakawa. Nepheli Loux tana ba da Arsenal Charm a Roundtable Hold bayan an gama da Godrick, bos ɗin fadar Stormveil, tana ƙara abin da za ki iya ɗauka da kashi 15. Babbar yayarta ita ce Great-Jar's Arsenal, kashi 19, amma sai kin kayar da mayaƙa uku a gaban ƙaton tulun da ke zaune a ƙofar filin daga na Caelid, kuma ba su da sauƙi. Layar koren kunkuru da ke ƙauyen Summonwater tana sa numfashi ya riƙa dawowa da wuri.

Abu na biyu, lafiya. Masu ƙarfi suna da wata cuta ta zuba kowane maki a ƙarfi su bar jan ma'aunin jini guntu. Alhali salon nan na musayar duka ne: wani lokaci da saninki za ki karɓi bugu ɗaya don naki ya sauka. Ki kai lafiya 40 kafin ki shiga Leyndell, ki nufi 60 kafin ƙarshen gem. A farkon tafiya, kai makami wurin maƙeri ya fi ƙarin makin ƙarfi tasiri a kan ɓarna, saboda haruffan ba su girma ba tukuna. In kin riga kin raba makin ba daidai ba, Rennala, bos ɗin makarantar Raya Lucaria, tana sake rabawa bayan kin kayar da ita, in kin ba ta wani abu mai suna Larval Tear guda ɗaya.

Na uku shi ne hannu, kuma a nan nake son ki daɗe. Ƙaninki yana danna maɓalli sau huɗu a jere ya tsira, ke ba ki da wannan gatan. Ƙa'idarki sara ɗaya, ki janye. Ki bar dodon ya gama jerin harinsa, ki yi tsalle ki sauke sara mai nauyi, ki koma kallo. Saran tsalle ya fi na tsaye saurin fita, ya fi shi zaftare ɓoyayyen ma'aunin, kuma yayin da kike sama hare-haren da ke share ƙasa suna wucewa ta ƙarƙashinki. Layar Claw Talisman da ke saman wata hasumiya a Stormveil tana ƙara masa kashi 15, rigar Raptor's Black Feathers da ke Sage's Cave ta ƙara 10. Idan dodon ya ja baya yana huci, kada ki tsaya kallo: wurga masa wuƙar jifa ko ɗaya, don kada ma'auninsa ya fara cikowa. Kada kuma ki bari koren ma'auni ya ƙare ƙaf a kan sara, ki rage na mirginawa ɗaya ko yaushe.

A kan sulke, lambar da za ki nema ita ce dauriya 51. Daga nan yawancin ƙananan bugu ba sa katse miki sara. Abin da ya wuce haka ado ne, sai fa in kina da juriyar ɗaukar sulken Bull-Goat, wanda ya fi kowanne nauyi a ainihin gem ɗin.

Ki kuma sani cewa wahalar da kike sha ba ta kai ta mutanen farko ba. A makonnin farko bayan fitowar gem ɗin, manyan makaman nan sun fi haka nawa, sai da gyaran 1.04 na watan Afrilun 2022 ya ƙara musu sauri ya rage jinkirin da ke biyo bayan sara. Batun gorin ƙaninki kuwa, ki jira ranar da zai shiga ramin Raya Lucaria Crystal Tunnel da siririn takobinsa ya haɗu da mutumin lu'ulu'u. Ki zauna kusa.

Tambaya: Jiya na fara. Wane aji zan ɗauka, kuma me zan riƙe kafin in kai ga manyan? — Sabon shiga, daga Kumasi

Amsa: Barka da zuwa ƙanena, Allah ya ba da haƙuri. Hero yana farawa da ƙarfi 16, Vagabond da 14 amma da lafiya da sulke mafi kyau. Ga sabon hannu na fi son Vagabond, sai dai ka cire masa doguwar sandar yaƙin da ya zo da ita, don nauyinsa ya sauko.

Kada ka nufi Stormveil kai tsaye. Yi kudu, ka haye gada zuwa Weeping Peninsula. A can yamma akwai ɗan kasuwa shi kaɗai a bukka, yana sayar da Zweihander a kan run 3,500, wato kuɗin gem ɗin. Ƙarfi 19, zafin hannu 11, nauyi 15.5, ga tsawo. A ƙarshen kudu kuma, cikin Castle Morne, akwai Claymore a akwati, wanda ya zo da Lion's Claw a jikinsa, nauyinsa 9 kawai. Mutane da yawa sun gama gem ɗin da shi ba su sauya ba. Bos ɗin gidan, Leonine Misbegotten, shi ke ajiye Grafted Blade Greatsword, takobin da aka ƙera da tarin takubba. Dabararsa tana ƙara 5 a kowane maki na ɗan lokaci. Yana da kwarjini, amma ba a sauya masa toka, shi ya sa bai shiga biyar ɗina ba.

Kada ka wuce kangon Gatefront ba ka sauka ɗakin ƙasa ka ɗauki wuƙar wasawa ba, in babu ita babu sa toka. Idan ka shiga Stormveil, nemi Brick Hammer, da kuma Iron Whetblade da ke bayan ƙofar da ake buɗewa da mabuɗin dutse. Shi ke ba ka damar zaɓar zubin nauyi ko da tokar da ka sa ba ta ƙarfi ba ce.

Shawara ɗaya a kan duwatsun ƙira: zaɓi makami ɗaya ka bi shi. Wanda ya raba duwatsunsa a kan takubba biyar zai isa Liurnia da biyar marasa kaifi.

Tambaya: Yaya na je Redmane Castle neman Ruins Greatsword, ban ga bos ba, sai mutane tsaitsaye ana shirin biki. Gem ɗina ya lalace ne? — Daga Gusau

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. Da zarar bikin Radahn ya fara, wanda isa tudun Altus ko nisa a aikin mayya Ranni ke tayarwa, mutum biyun da ke riƙe da takobin, Misbegotten Warrior da Crucible Knight, suna ɓacewa daga filin. Je ka kayar da Radahn, ka dawo gidan ka sami Jerren, mai shelar bikin, ka yi ta yi masa magana har ya fara maimaita kansa. Sai ka bar wurin ka dawo, za ka tarar da hazo a ƙofa. Ka gama da na farkon da sauri, domin Crucible Knight yana shigowa ne bayan an ɗan jima, kuma haɗuwarsu a kanka ba daɗi.

Tambaya: Malam, abokaina sun ce Malenia ba ta kayuwa da babban makami, dole sai na koma katana mai zubar da jini. Gaskiya ne? — Direba, daga Zinder

Amsa: Ba gaskiya ba ne ɗan'uwa, ko da yake na san inda maganar ta samo asali. Malenia tana mayar da jininta duk lokacin da takobinta ya taɓa ka, ko da a kan garkuwa ne. Wannan ya rushe dabarar musayar duka da na gama koya wa 'yar'uwarmu ta Kaduna a sama. A wurinta, in ka karɓi ɗaya don ka ba da ɗaya, ita ta ci riba.

Amma tana da rauni da ya dace da mu: ba ta da nauyin jiki. Idan ba a tsakiyar wasu hare-harenta take ba, babban sara yana girgiza ta ya katse abin da ta fara, Lion's Claw kuma yana iya shimfiɗe ta a ƙasa. A zagayen farko takan yi tafiya a hankali tana nufo ka, wannan lokacinka ne. Sukan tsugune na Greatsword yana shiga tsakanin hare-harenta. In kana son zubar jinin da abokanka ke magana, ba sai ka bar gidanku ba: Great Stars tana da shi, kuma ɗan jinin da take mayar maka yana rage asara. Sanyi ma yana kama ta.

Babbar matsalar ita ce rawar nan da take tashi sama ta sauko da ruwan sara sau uku, Waterfowl Dance, wadda take farawa bayan jininta ya ɗan ragu. Mai babban makami yakan mutu a nan ne saboda ta tashi yana tsakiyar sara. Don haka daga lokacin da ka ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jininta, rage haɗama, ka riƙa barin tazara. Da ka ga ta ɗaga, juya ka ruga da gudu don na farko ya wuce, ka mirgina cikin na biyu, na ukun ka bi ta ƙarƙashinta. Tukunyar ƙanƙara da aka jefa mata tana sama tana sauko da ita, amma ba kowane lokaci za ta yi ba, domin jikinta yana sabawa. A faɗan nan sulke mara nauyi ya fi, tunda kaurinsa ba ya hana ta warkewa. In kuma ka kira Mimic Tear, ruhun da ke kwaikwayon ka ya taya ka faɗa, ka tuna cewa duk saran da ta yi masa ita ma magani ne a wurinta. Duk da haka, ku biyu da manyan takubba kuna iya hana ta sakat.

Tambaya: Yaya, jerin naka zai canza idan aka sa makaman Shadow of the Erdtree? Ina tara kuɗin saye. — Ɗaliba, daga Sakkwato

Amsa: Zai ɗan motsa daga tsakiya, saman kuwa yana nan. Wannan ƙarin da aka yi wa gem ɗin ya fito ranar 21 ga Yuni, 2024, kuma ba a shiga sai an kayar da Radahn da Mohg, sannan a taɓa busasshen hannun da ke leƙowa daga ƙwanso a fadar Mohgwyn. Ki tabbatar kin kai nan kafin ki kashe kuɗinki, ƙanwata.

Cikin sababbin, Ancient Meteoric Ore Greatsword ya fi burge ni. Yana cikin rusasshiyar maƙera ta Starfall Past, yana neman ƙarfi 35 da asiri 19, kuma dabararsa tana harba ki gaba da tsini cikin ƙiftawar ido, ta rufe tazarar da ta daɗe tana damun masu ƙarfi. Zan sa shi kafaɗa da kafaɗa da Ruins Greatsword. Bloodfiend's Arm ya yi tashe a makonnin farko saboda jinin da saransa mai nauyi ke fesawa, har sai da kamfanin ya rage masa kaifi, amma har yanzu yana aiki. Anvil Hammer, maƙera ce sukutum a kan sanda, tana ƙonawa, ana samunta tun a yankin farko. Greatsword of Solitude kuma yana hannun jarumin da ke Western Nameless Mausoleum, wanda ya koya wa mutane da yawa ladabi a sa'arsu ta farko.

Sai dai abin da ya fi kowane sabon makami amfani ga mai ƙarfi a can laya ce: Two-Handed Sword Talisman, a kangon Temple Town, mai ƙara kashi 15 ga saran hannu biyu. Ki haɗa ta da tsohon Greatsword ɗinki ki gani. Kuma a ƙasar inuwa, inda ake buga ƙarin, lebul ɗinki ba shi ne magana ba. Gutsattsarin Scadutree su ke ƙara ɓarnar da kike yi su rage wadda ake miki, guda 50 ne, suna kai albarkar zuwa mataki 20. In kika ga Rellana, ɗaya daga manyan bos na farkon ƙarin, tana gama da ke da sara biyu, kada ki zargi takobi. Koma ki zagaya Gravesite Plain ki tsinto gutsattsarin da ke gindin alamomin Miquella da cikin majami'u, sannan ki dawo mata.